Takardar da Aka Jingine

Alhaji Kamilu ba ya son a kira shi tsohon mai ba Shugaban Ƙasa shawara. In ka faɗa sai ya ɓata rai ya ce, "Wace shawara kuma? Ni a bayan minista nake zama, jikin bango, inda ko tari ka yi sai an waiwayo an harare ka." Amma mutanen unguwarsu ta Yalwawa ba su fasa ba. Tun da ya yi ritaya ya dawo Dutse, duk wanda wata takarda ta maƙale masa a ofis ƙofar gidansa yake nufa, wai ai Alhaji ya san manya. Manyan nan kuwa rabinsu sun riga mu gidan gaskiya, sauran ko wayarsa ba sa ɗauka.

Ran nan da hantsi, bayan an kwana ana ruwa, yana zaune a zaure yana shan kunu sai ga Chundung ta yi sallama. Ta cire takalmi, ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ajiye jakar takardunta a gefen tabarma. Tun daga yadda ta ajiye jakar ya san ba a dace ba.

"Baba, sun ce takarduna duk sun yi kyau," in ji ta. "Saura shaidar zama 'yar asalin jiha. Guraben ungozoma na 'yan jiha ne kawai."

"To ke 'yar ina ce?"

"Haka na tambaye su, Baba. Suka ce in je in tambayi garin ubana."

Chundung 'yar marigayi Malam Dalyop ce, mutumin Filato, malamin lissafi da ya zo Dutse tun jihar tana jaririya, lokacin da ma'aikata ke kwana a ofis don rashin gidan haya. Ya kama ɗakuna a jikin gidan Alhaji Kamilu, kuma bai sake tashi ba sai da aka ɗauke shi a akwati. Matarsa ta rasu Chundung tana rarrafe, don haka a bayan Hajiya Rakiya, matar Alhaji, yarinyar ta girma. Hajiya ta yi ta fama da sunan nan ya ƙi zama a bakinta, sai ta huce ta laƙaba mata Ruwaida. Ranar Lahadi a yi mata kitso ta bi ubanta coci, ranar Sallah a yi mata lalle tare da 'ya'yan gida. Ta yi karatun ungozoma, ta yi koyon aiki a Jahun, ta iya lallashin mai naƙuda da irin Hausar da ko tsohuwar ƙauye ba za ta kushe ba. Yanzu ga aikin da ta yi wa karatu a gabanta, a wani asibitin karkara wajen Garki, takarda guda ta tare hanya.

Alhaji ya ture kwanon kunun. Abin ya taɓa shi a wurin da ya daɗe yana yi masa ciwo, domin wannan takarda ya san ta ciki da waje. Shi da hannunsa ya taɓa rubuta abin da zai kashe ta.

A zamanin wata gwamnati da ta shuɗe, bayan an sha zubar da jini kan waye ɗan gari waye baƙo, fadar Shugaban Ƙasa ta kafa kwamiti. Aka ɗauko Kamilu daga ma'aikatarsu aka ba shi sakatare. Sun zagaya ƙasar nan kamar masu tallar magani. Sun saurari Bahaushen da aka haifi kakansa a Jos amma ba shi da gari, da Inyamurin da bai san ko'ina ba sai Sabon Garin Kano, da Bayerabiyar da ta tsufa a Gusau. Suka dawo suka rubuta ƙuduri gajere: duk wanda aka haifa a wuri, ko ya zauna ya daɗe yana biyan haraji, ɗan wurin ne. Minista ya sa hannu, ofishin sakataren gwamnati ya saka shi cikin abubuwan da majalisar zartarwa za ta duba. Kamilu har sabuwar babbar riga ya ɗinka.

Kash! Abin da bai sani ba a lokacin shi ne, a fadar nan ba a teburin majalisa ake yanke magana ba. Ana yanke ta ne a falon jira, inda baƙi ke shiga ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda ya fito a ƙarshe shi ne mai gaskiya. Kafin ranar zama, dattawan Arewa sun shiga bayan sallar Juma'a, suka ce in aka yi haka baƙi za su cinye wa 'ya'yansu guraben aiki. Dattawan Filato da maƙwabtansu suka shiga bayan an tashi daga coci, suka ce in aka yi haka Hausawa za su gaje musu ƙasar kakanni. Na Kudu ma suka kawo tasu. Mutanen da ko gaisawa ba sa yi, sai ga shi bakinsu ya zo ɗaya.

Ranar zaman, yana jikin bango yana kallon ƙeyar ministansa, ya ga ƙudurin da ke can sama ya gangaro ƙasan jeri. Aka yi maganar kwangilar titi, aka yi ta sayen jiragen ruwa, aka sha shayi. Da aka iso kansa, babu wanda ya ce ba shi da kyau. Yabonsa ma aka yi. Wani ya ce abu ne mai muhimmanci ƙwarai, bai kamata a yi gaggawa ba, ga zaɓe yana matsowa. Kamilu ya rubuta 'yar takarda ya miƙa wa minista ta gefen kujera, domin na jikin bango ba ya magana. Minista ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu. Bayan kwana biyu fayil ɗin ya dawo da rubutun koren alƙalami a kusurwa: a jingine, a ci gaba da tuntuɓa. A Abuja ba a ce wa magana a'a. Kujera ake ba ta a ce ta jira, har gwamnati ta ƙare a share ofis.

Da ya zo hutu ya ba Dalyop labari, sai mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ashe dai akwai abin da ya haɗa kan danginka da nawa!" Daga ranar ya samu abin tsokana. Duk safiyar da Alhaji yake gari, in zai fita makaranta sai ya leƙo zaure ya ce, "Alhaji, ina takardarmu?" Shi kuma ya ce, "Tana kan tebur, Malam." Haka suka yi ta yi har furfura ta cinye su. Ko a gadon asibiti sai da ya tambaya, sannan ya ce kada a wahalar da kowa da kai gawarsa Filato. "Inda na ci tuwo a nan za a sa ni."

Alhaji ya ɗauki sandarsa ya ce wa Chundung ta biyo shi. Suka tari adaidaita zuwa gidan mai unguwa, Malam Gaji, tunda daga hannunsa takardar ke farawa kafin ta je wa dagaci da hakimi. Malam Gaji ma ɗalibin Dalyop ne, har yanzu yana tuna bulalar da ya sha a kan lissafi. Ya saurare su yana murza hula a gwiwa.

"Allah ya gafarta Alhaji, wallahi ni shaida ne a nan aka haife ta. Amma ba haihuwa ake tambaya ba, asalin uba ake tambaya. In na rubuta Dalyop, ko ni na sa hannu a gaba za a dawo da ita." Ya rage murya. "Sai dai a yi yadda ake yi. Ai kowa a unguwar nan ya san Ruwaida ta gidan Alhaji. A rubuta Ruwaida Kamilu. Ta je kotu ta yi rantsuwar canjin suna, a buga a jarida, shi ke nan. Ba ita ce farau ba."

Da a Abuja wani ya kawo wa Alhaji wannan shawara a shekarun baya, da sai ya kore shi daga ofis. Amma yanzu, Allah ya sani, zuciyarsa ta karkata. Ya gaji. Ya bi ƙofar gaba da babbar riga an ba shi kujera, to ga ƙofar baya a buɗe, kuma yarinyar nan ita kaɗai ce ke leƙo shi kullum ta auna masa jini ta yi masa faɗa kan gishiri. In ta rasa aikin ta bar jihar, wa ya rage? 'Ya'yansa suna Abuja da Kaduna, sai waya.

Hajiya Rakiya kuwa da ta ji, har guɗa ta kusa yi. "To ina ƙaryar take? A bayana ta yi fitsari, ni na yaye ta, ni na yi jinyar ƙyandarta. Alhaji, ka sa hannu kawai. Ruwaida, ke kuma kada ki tsaya taurin kan nan na ubanki."

Chundung ta yi murmushi ta ce za ta yi tunani. Ta kwana biyu ba ta shigo ba. Da ta dawo, da la'asar ne, takalminta duk jar laka, Alhaji ya gane daga inda take. Hanyar maƙabartar Kirista ce kaɗai ke da irin wannan laka. Ta zauna a bakin tabarma, ta daɗe tana wasa da gefen gyalenta.

"Baba, kai ubana ne, duniya ta sani, ni ma na sani. In aka ce in tsaya a kasuwa in faɗa, zan faɗa. Amma a kotu ba cewa za su yi in ƙara sunanka ba. Cewa za su yi in cire nasa." Ta saki gyalen. "Ba shi da ɗa namiji, ba shi da gida, ba shi da gona. Sunan nan da ke bayan nawa shi kaɗai ya bari. Na je na tsaya a kansa ina so in gaya masa, bakina ya ƙi buɗewa."

"'Yata, aikin fa? Shi kansa da yana nan cewa zai yi ki karɓa."

"Na sani, Baba. Shi ya sa ba zan iya ba." Ta share ido da bayan hannu. "Ƙasar Dutse ta karɓe shi ba ta tambaye shi takarda ba. Ni ce dai da nake tafiya a kanta ake tambaya."

Alhaji ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi, baƙin ciki kuma ya fi kunyar yawa. Ya so ya ce mata ta ƙara haƙuri, ana nan ana magana, wata gwamnatin za ta duba. Sai ya ji kalmomin a bakinsa irin na mutumin nan ne da ya ce kada a yi gaggawa. Ya haɗiye su.

Wani ƙanin ubanta ya ce ta zo Filato, zai kai ta wurin dagacin ƙauyensu a yi mata shaida, ta nemi aiki a can. Ƙauyen da sau biyu ta taɓa zuwa, duka biyun jana'iza, inda yara ke bin ta suna kiranta Bahaushiya saboda ba ta iya komai a yaren ba sai gaisuwa. Da Chundung ta ce za ta tafi, Hajiya ta yi kuka, ta yi fushi, ta ƙi magana, sannan ta tashi ta daka mata yaji da kuka da daddawa, ta cika leda da dabino, ta haɗa da bargo wai an ce garin sanyi ne kamar cikin randa.

Alhaji da kansa ya raka ta tasha. Motar Bauchi ce, daga can ta kama ta Jos. Ana ɗaure kaya a sama, ta matso kusa da shi ta ce, "Baba, abu ɗaya. Damina ce, ciyawa tana rufe kabarin da wuri. Ni nake nome wurin. Ko almajiran coci ka sa, zan riƙa kira."

"Je ki, Allah ya tsare. Wannan ba naki ba ne kuma."

Bai sa kowa ba. Da sati ya zagayo, bayan rana ta ɗan yi sama, ya ɗauki fartanyar Hajiya ya sa a buhu, ya hau adaidaita. Mai gadin maƙabartar ya ga tsoho da farin gemu da carbi a hannu, ya tsaya yana kallonsa, sannan ya buɗe masa ƙofa. Kabarin yana can gefe, kusa da wani dutse, ciyawa ta kai rabin allon. Alhaji ya naɗe hannun riga, ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya yi ta nome yana hutawa har sunan ya fito sarai, harafi bayan harafi.

Ya zauna a kan dutsen yana haki. Shiru, sai kukan kurciya daga cikin dabinai. Shekara da shekaru mutumin nan yana yi masa tambaya ɗaya, shi kuma yana ba shi amsa ɗaya, suna dariya. Yau babu mai tambaya, amma ya ga ya kamata ya amsa.

"Malam," ya ce a hankali, "ba ta kan tebur. Yarinyar ma ta tafi."

Ya karkaɗe fartanyar, ya mayar da ita cikin buhu, ya gaya wa mai gadi zai dawo in an sake ruwa.