Hannun Isiyaku a Kan Tsarkiya

Duk Kadawa babu wanda bai san Sammani ya iya jita ba, kuma babu wanda ya kai Sammani yawan faɗin hakan. Manomin tumatir ne kamar kowa, sai dai ya taɓa zaman Kano, inda ya sayi jitar a hannun wani ɗan Gana mai haramar komawa gida. Cika baki kam akwai shi, amma a faɗi gaskiya, hannun ma akwai.

Abin da ya daɗe yana ci masa tuwo a ƙwarya shi ne tsarkiya. Ta ƙarfe ce, in tana sabuwa amonta har tsallaken kanal ɗin ban ruwa ake jinsa, amma da ya kaɗa ta a gona sai ta dushe kamar ana bugun tsohon gwangwani. Ya shafa mata man shanu, ya shanya ta a rana yadda makaɗan kalangu suke yi, duk a banza. Sai da ya yi asara ba ɗaya ba ba biyu ba kafin ya gano ɓarayin nasa: raɓa, gumi, da uwa uba takin zamani. Gishirin takin nan in ya haɗu da danshin hannu yakan shige tsakanin naɗin wayar, kafin gari ya waye tsatsa ta kama, murya ta tafi.

A shekarar 1984 kayan waje suka yi ɓatan dabo. Ya zaga kantunan Sabon Gari bai samu ko tsarkiya ɗaya ba, sai saitin ƙarshe da ya ɓoye a akwati. Ana haka gidan rediyo ya aiko masa ya je ran Asabar a ɗauki kiɗansa a shirin manoma. Abin da yake mafarki ke nan tun yana saurayi. Ya ɗaura sabuwar tsarkiya, ya yi rantsuwa ba za ta ga gona ba.

Sai ga shi Isiyaku, abokinsa tun na ƙuruciya, ya faɗi da babur ya karye a ƙafa. Tumatir ɗinsa na jiran taki da huɗa, ga shi ran Juma'a ake sakar wa layinsu ruwa. In ruwan ya wuce ba a zuba taki ba, shukar ta shiga uku. Jaji, sarkin noma, ya kira gayya ran Alhamis, amma makaɗin garin ya tafi biki Bunkure. Gayya babu kiɗa kuwa kowa ya san ƙarshenta, kafin hantsi samari sun zame ɗaya bayan ɗaya.

Talatu matar Sammani ta gan shi yana rataya jita zai tafi gayyar. Ta ce, "Malam, ba kai ka ce raɓa da taki su ne ajalinta ba?"

"Ni na faɗa, ni kuma na san maganinsu. Sai raɓa ta bushe zan fara, taki ko kallonsa ba zan yi ba."

"Masu tsayar da kiɗa fa?"

Tambayar tana kan hanya. A al'adar gayyarsu, wanda aka wasa har ya ji a jikinsa yakan zo ya dafa abin kiɗa da tafin hannu, kiɗa ya tsaya, ya faɗi kyautarsa a gaban jama'a. Fatar ganga ba ta damu da hannun manomi ba, shi ya sa babu wanda ya taɓa ganin aibin abin.

Sammani ya yi dariya. "Yau babu hannun da zai taɓa tsarkiyar nan."

Haka kuwa aka yi. Ya hau kan kunyar kanal ya saki kiɗa, yana kiran kowa da sunan kakansa, fartanya na tashi tana sauka. Da ya hango wani ya nufo shi da hannu a miƙe sai ya riga shi kashe kiɗan, ya juya ya ba shi kafaɗa. Jaji da kansa bayan jitar ya samu dafawa, ya yi alkawarin kwandon albasa. Mutane suka ɗauka sabon salo ne, suna ta dariya. Sammani ya ji daɗin kansa ƙwarai, domin har la'asar babu yatsan da ya taɓa tsarkiyar sai nasa, gona kuma ta kusa kammala.

Isiyaku yana ƙarƙashin darbejiya a kan tabarma, ƙafa cikin karan ɗori. Zuciya ta hana shi zama haka nan, tun safe shi ke auna taki a kwano yana miƙa wa masu zubawa. Da aka huɗe kunyar ƙarshe ya ce a ɗaga shi. Mutum biyu suka riƙo shi, yana jan ƙafa har gaban Sammani, ya miƙo hannu.

Sammani ya kalli hannun. Fari fat da taki har wuyan hannu, ga gumi ya jiƙe shi. Juyi ɗaya ya ishe shi, ya yi irinsa yini guda. Amma mutumin nan da ƙyar yake tsaye, in aka kauce masa sai ya kama iska a gaban jama'a. Tausayi da ƙauna suka cika Sammani. Ya sauko daga kan kunya, ya miƙa masa jitar ta gaba.

Tafin hannu ya kwanta a kan tsarkiya, kiɗa ya mutu.

Isiyaku ya ce, "Ba ni da abin ba ka, Sammani. Na tsayar ne kawai kowa ya ji na gode." Ya daɗe bai ɗauke hannun ba, Sammani kuma bai janye ba.

A gida Sammani ya goge tsarkiyar har hannunsa ya gaji, amma ya san aikin gama ya gama. Ran Asabar da safe ya gwada ta, ta amsa masa a shaƙe. Ya rataya abarsa, ya ɗauki hula zai tafi bakin titi jiran motar Kano.

Talatu ta ce, "Da wannan muryar za ka je musu?"

Ya ce, "Da ita. In sun tambayi abin da ya same ta, ina da labarin da zan ba su."