Wankan da Tasalla Ta Hana Ni

Zazzaɓin ya kama ni ne bayan azahar, ina kwance kan tabarma a ƙarƙashin rumfa, haƙorana na karo da juna alhali rana na dukan kwano. Gobe sadakar bakwai ɗin Tasalla, ƙawata tun muna tallan gyaɗa a Kazaure, kuma tun ranar jana'iza ban sake taka gidan ba. Tun muna yara muka ƙulla cewa wadda ta riga mutuwa, ɗayar ce za ta yi mata wanka. Sai ga shi ta bar wasiyya kada a bar ni, ni Lantana, in taɓa gawarta. Wata baƙuwa da ta tare unguwar bara ita ta wanke ta, ni kuwa ina tsakar gida kamar wadda ta zo cin bashin gishiri. An aiko a ce in yafe mata, na ce a gaya wa mai aiken ban ji ba.

Ina cikin wannan ƙunar idanuna suka yi nauyi, sai na ji ana ƙwanƙwasa mini tafin ƙafa. Wata tsohuwar ƙwarya ce mai ɗinki a baki, tana mirginawa da kanta.

"Tashi, Lantana," in ji ta. "Ruwan zai huce."

"Ke kuma a wa?"

"Ni na ɗebi ruwan da aka hana ki ɗiba."

Haushi ya sa na bi ta, niyyata in take ta in fasa. Hanyar gidanmu ta zama atamfa, irin ankon da muka yi ni da Tasalla shekarar aurena, an shimfiɗa ta har ƙarshen gani. Duk inda na taka sai furannin jikinta su rufe ido. Muka iso wani kogi mai tururi da ke gudu yana hawa dutse. Mata sun jeru a bakinsa suna wanke inuwoyin mutane, suna matsewa, suna shanyawa a kan iska. Na tsoma hannu in taya su, ruwan ya dare gida biyu ya kauce mini.

"Har da kai?" na ce.

"Umarni aka ba ni," in ji kogin.

Daga can sai ga bishiyar magarya a kife, saiwoyinta a sama, ganyenta na sharar ƙasa. Da ganyenta ake wankan gawa, don haka na kai hannu zan tsinka. Ganyen suka tashi fir kamar fara, kowanne na cewa, "Ba ke ba, ba ke ba." Wallahi da akwai gatari a kusa da na nuna mata.

Ƙwarya ta tsaya a ƙofar wani ɗaki marar rufi. Tasalla na zaune ciki, ta ba ni baya, ta lulluɓe da farin zane. Murya ta yarinya, hannuwa na tsohuwa.

"Lanti, kin iso?"

"Kada ki ce mini Lanti, maci amana! Me na yi miki? Ni na tsefe miki kai, ni na riƙe ki kina naƙuda, tuwonki ban taɓa cewa ya yi gishiri ba ko da ya yi. Sai ranar ƙarshe za ki tozarta ni a gaban matan unguwa?"

Ba ta juyo ba. Na fizgi zanen. A gefen hagu na ƙirjinta babu nono, taga ce kawai, ta cikinta ina hango gonar dawa da tsuntsaye na shiga suna fita. Gefen tagar an ɗinke shi da baƙin zare, ɗinkin gaggawa.

"Tun yaushe?" na ce.

"Damina biyu."

"Damina biyu kina zuwa gidana muna dariya?"

"Gidanki kaɗai ne ba a kallona da tausayi. Na so a bar mutum ɗaya a duniya da ya san ni cikakkiya."

"Son kai ne wannan, Tasalla. Kin ajiye ni ne don jin daɗinki, ba ki tambaye ni ko ina so ba. Da kin bar ni na ga ciwon, na yi kuka, na wanke. To yanzu ni wa zai wanke ni?"

Ta miƙo hannuwa za ta kama nawa, sai suka narke suka zube tsakanin yatsuna, da ɗumi. Ƙwarya ta mirgino da sauri tana tarar abin da ya zuba.

"Ki yafe," in ji Tasalla, ɗakin kuma ya fara nutsewa da ita.

Na buɗe baki, na ji shi cike da ƙwallayen magarya. Ina tofarwa suna ƙaruwa, ina tofarwa...

"Inna! Inna, tashi!"

Surukata ce ke girgiza ni, gumi ya jiƙa tabarmar sharkaf, ana kiran la'asar. Ta ce Shamsiyya, 'yar marigayiya, na zaure tun ɗazu. Yarinyar ta shigo ta durƙusa, kafin ta gama gaisuwa na tare ta.

"Wane gefen aka yanke wa uwarki?"

Ta ɗago a firgice, hannunta ya tafi ƙirjinta na hagu. "Inna Lanti, wa ya gaya miki?"

Na ce ta miƙo mini mayafina, zan je gidan. Amma kada wanda ya kuskura ya tambaye ni ko na yafe.