Kibiya Ba Ta Huda Tagulla

Dadang irin mutanen nan ne da in sun ga kuskure sai sun gyara, ko da ba a tambaye su ba. Shi ke yi wa wani wasan yaƙi na kwamfuta kwaskwarima, na Girkawa da Farisawa, yana sakar wa 'yan wasa a birnin Bandung. Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne maharban Farisa. A wasan, kibansu na ratsa garkuwar Girkawa kamar ganyen ayaba, alhali littattafan da ya karanta sun ce tagullar da ke fuskar garkuwar tana tare su.

Yayansa Engkos kuwa, wanda yake kira Kang, tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kashe masa hannun hagu, ya daina fita, ya daina hira. Wasan nan kaɗai ya rage tsakaninsu. Duk Lahadi bayan la'asar Dadang zai zo da soyayyen tahu, wato awara, a leda, su zauna a baranda. Engkos ya jera maharbansa na Farisa a kan tudu da hannu ɗaya, ya yi ta ɓarin kibau a kan Girkawan Dadang har ya ci, ya yi dariya da karkataccen bakinsa.

"Ina jarumanka masu siket, Dang? Sun kwanta hutawa?"

Sai Dadang ya yi gyaransa. Ya rage wa kibau kaifi, ya ƙara wa dawakan Farisa sauri don kada ɓangare ɗaya ya rinjaya. 'Yan wasa suka yi ta yaba masa, kansa ya fasu. Ko sau ɗaya bai tuna da baranda ba.

Ranar Lahadi ana yayyafi Engkos ya jera maharbansa. Kibau suka zuba, Girkawa suka ci gaba da hawowa.

"Me ya sami kibauna?"

"Na daidaita su ne da tarihi, Kang. Yanzu sai ka zagayo da dawakai ta baya. Ka riƙe maus da dama, ka danna madannai da..."

Sai idon Dadang ya faɗa kan hannun hagun yayansa. Engkos ya saki maus, ya ɗauko hannun hagunsa daga cinya da na dama, ya aza shi a kan madannai. Hannun ya zame. Kafin ya sake ɗaukowa an gama da rundunarsa. Kunya ta rufe Dadang har ya rasa inda zai sa idonsa.

Da wata Lahadin ta zagayo Dadang ya maido da tsohon wasan. Kibau suka huda tagulla, Girkawa suka zube. Engkos ya ci, amma bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon gawarwakin.

"Wannan shi ne na ƙaryar ko?"

"Wasa ne kawai, Kang."

"Na sani. Amma ni duk tsawon lokacin nan na ɗauka iyawata ce. Na ɗauka akwai abu ɗaya da har yanzu na fi ka."

Ya ture maus ɗin a hankali zuwa gaban ƙaninsa, kusa da tahun da ya huce ba wanda ya taɓa.

"Kira min matata ta mai da ni ɗaki. Sanyi nake ji."