Ƙarin da Ke Wuyan Maliki

"Koma ka gaya wa Baturen gandun daji ya zo ya ɗauke shi da kansa!" in ji Abarshi, ya tare ƙofar zauren maƙwabcinsa Maliki.

Masinja ya gyara hula. "Baba, ni ɗan aike ne. An ce gobe za a fara ƙunar iyakar gandu, kowane mai gadi ya fito."

"Bara ma ai ɗan aike ne kai."

Baran nan ne ƙari ya fito wa Maliki a wuya, aka tura shi wani asibiti can Kurmi. Likita ya riƙa gasa ƙarin da wani haske da ido ba ya gani, har ya soma motsewa. Magani bai kai rabi ba aka aika ya dawo bakin aiki, in ba haka ba a ba wani kakinsa na mai gadi. Ya dawo, ya yi musu ƙuna. Da damina ƙarin ya taso da tauri kamar dutse. Abarshi ne ya raka shi asibitin karo na biyu. Aka yi ta haskawa, fata ta saluɓe, ƙari ko gezau. Tafinta ya ce abin da ya tsira daga wutar farko ya riga ya saba da ita, kuma shi ya hayayyafa.

Daga cikin zaure murya ta fito a shaƙe. "Abarshi, ka cika faɗa. Shigo."

Maliki na kwance a tabarma, matarsa Furera tana kore masa ƙuda da mafici.

"Kai manomi ne," in ji Maliki. "Kututturen da wuta ta lasa ba ta cinye ba, ka san yadda yake tohowa."

"Wa ya janye wutar? Ni?" in ji Abarshi.

"Ba shi kakin ya tafi."

Abarshi ya fizgo rigar kakin daga jikin ƙusa, ya fita ya jefa ta gaban masinja. "Ga mai gadinku nan. Shi wannan ba ya ciwo."

Washegari da hantsi Maliki ya cika. Da suka dawo daga maƙabarta hayaƙi ya riga ya turnuƙe ta wajen gandu. Abarshi ya zauna a zauren Maliki. Tokar ciyawa tana shigowa ta ƙofa, tana sauka a hankali bisa tabarmar da Furera ba ta naɗe ba.