Takarda ta Arba'in da Ɗaya

A zauren duba jarrabawa doka ɗaya ce ba a wasa da ita. Takardun makarantu daban-daban ake tarawa, sunan ɗalibi a naɗe an manne shi da gam, kuma in ka gane rubutun ɗan'uwanka, sai ka miƙa wa na kusa da kai ba tare da ka karanta ba. Malamar adabi ta san dokar sarai, ita ce ma mai ja wa sababbi kunne.

Tambayar bana ta ce a kwatanta masu ramuwar gayya biyu na wani tsohon wasan kwaikwayo: mai gaggawa da ya zare takobi ranar da aka kashe ubansa, da mai jinkiri da ya yi ta dafa abin a ransa. Takarda arba'in ta duba tun safe, duk bakinsu ɗaya, wai mai jinkiri ya fi hankali. Ita ma ra'ayinta ke nan, sai raba maki take yi hankali kwance.

Ta arba'in da ɗaya ce ta tsayar da ita. Rubutun 'yar wanta ne. Duk shekara yarinyar na aiko mata da wasiƙar gaisuwa, ta karanta ta jefa a durowa. Shekara tara ke nan Malama ba ta ce wa wanta uffan ba, tun da ya kwashe littattafan marigayi mahaifinsu ya ba masu ƙunshe kaya a kasuwa, wai suna tara kyankyasai. Ba ta yi faɗa ba. Ƙafa kawai ta ɗauke, kuma a ganinta dattako ta yi.

Mai ja wa mutane kunne sai ga ta tana karantawa.

"Mai gaggawa ya yi ɓarnarsa rana ɗaya, aka yi kuka aka share hawaye," in ji yarinyar. "Fushin mai jinkiri kuwa kowa na gidan sai da ya ɗanɗana, har yaran da ba su san me aka yi ba."

Kunya ta kama ta, irin wadda ta daɗe ba ta ji ba. Ta rufe jan bironta, ta tura takardar teburin abokiyar aikinta, wadda suka shekara bakwai suna koyarwa a makaranta ɗaya.

"Taimaka ki duba min wannan. Ta 'yar wana ce."

Matar ta sauke tabarau tana kallonta.

"Ikon Allah! Malama, ashe kina da wa?"