Tuwon Inna a Kabo

Ranar Asabar nake raka mijina, Baban Fiddausi, shagon Baƙo mai sayen hatsi, ya hau sikelin da ake auna buhunan masara. Shi ne sikelin da ke ɗaukarsa a unguwarmu. Kilo ɗari da goma sha biyu ya fara da shi, ranar da likita a Gwarzo ya duba gyambon da ke babban yatsansa na ƙafa ya ce ciwon suga ne. Ya ce in bai sauke kilo goma sha biyar ba, ya kuma kama bakinsa, yatsan ba zai kai baɗi ba.

Ni na ɗauki abin a kaina. Tuwon alkama ɗan mulmule ɗaya, miyar kuka ba mai, kwaɗon zogale ba ƙuli, shayi salam. Har ni da yara muka koma cin haka don kada ƙamshi ya tsone masa hanci. Cikin mako biyu sikeli ya kan sauka kilo biyu, wani lokaci uku.

Sai Juma'ar zuwa Kabo ta zo. Duk bayan mako biyu ya kan rufe shagon ɗinkinsa ya tafi gaida mahaifiyarsa, ya kwana biyu. Ya dawo ran Lahadi fuska tana sheƙi, riga tana warin man shanu, idonsa a ƙasa.

"Inna ce," in ji shi. "Ta yi funkaso, ta dama fura, ta yanka zabo. Yaya zan yi in ce wa Inna a'a?"

Daga nan sai a shiga kwanakin nadama, waɗanda na fi tsana. Litinin ya tashi da azumi ba sahur, wai yana biyan abin da ya ci. Ya taka da ƙafa har hanyar Sabon Birni da wannan yatsan. Kafin la'asar jiri ya kwashe shi, da magariba kuwa ya share kwanonsa ya haɗa da na yara. Na sha gaya masa kwana biyu ba sa rushe wata guda, ya koma kan tsarinsa kawai ya daina horar da kansa. Ya ce wanda bai ji zafin ba shi ke da bakin wa'azi. Haka muka yi wata biyar, ana tufka ana warwara, gyambon kuma yana ƙara zurfi.

Da na gaji, na hau mota ranar wata Talata ba tare da na ce masa ga inda za ni ba. Inna ta tsufa, idonta ya yi hazo, da hannu take gane mutane. Na durƙusa na gaishe ta, ya gajiya, ya jiki, ya mutanen gida. Ta amsa a daƙile. Ta laluba ta kama damtsena ta matsa.

"Ke kam Alhamdulillahi, namanki yana nan."

"Inna, a kan maganar abincin Baban Fiddausi na zo."

"Gara da kika kawo kanki, Sa'ada. Ɗana Gambo ya gaya mini komai. Ya ce tuni likita ya sallame shi, ke ce kika ƙi daina gana masa azabar yunwa. Tun ranar Laraba yake bugo wa jikata waya ya faɗi abin da yake marmari. Ɗana, da gemunsa, yana roƙon funkaso a waya! Me ya yi miki?"

Wallahi na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Wata biyar ina cin kwaɗo ba ƙuli saboda mutumin nan, ashe a Kabo ni ce muguwar. Katin asibiti yana cikin jakata, amma me kati zai yi wa mai ido irin nata? Sai na ce ta taimaka ta bi ni Gwarzo ta ga ɗanta. Ta ce dama za ta, ko don ta duba tukunyata.

Mun same shi a tsakar gida bayan azahar, ya ɗora ƙafar a kan turmi. Da ya ga Inna ya yi yunƙurin janye ta ƙarƙashin riga, amma na riga shi. Na tsuguna na warware bandejin, na kama hannun Inna na ɗora a kan ƙafar.

Ba ta ma gama taɓawa ba ta tsaya cak. Ta sunkuyar da kai ta shaƙa. Mijinta da ciwon nan ya tafi, bayan an yanke masa ƙafa, kuma ita ta yi jinyarsa shekara biyu.

"Na san wannan warin," ta ce a hankali.

Na dubi Baban Fiddausi. Ƙaton mutum, hawaye yana bin gemunsa. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushin kaina da na ji tausayin. Na tsaya ina jira, ban san ko me ba. Wataƙila kalma ɗaya, ko da "sannu" ce.

Inna ta shafa ƙafar tun daga idon sawu har gwiwa, ta mayar da bandejin da kanta, ta ɗaure shi yadda ta saba. Sannan ta juyo inda ta ji numfashina.

"Kin san haka, Sa'ada, wata biyar, kika bar ni ina ɗura masa man shanu da hannuna?"