Garkar da Ƙuda Ba Ya Shiga

Duk wanda ya san Jabo ya san albasar gidan Malami, ko da bai taɓa ganin Malamin ba. Ja ce, mai ƙwarin ɓawo, mai yajin da ke sa mai girki kukan da ba ta shirya ba, kuma sai ta yi wata bakwai a ajiye ba ta ruɓe ba. Malami ya gaji irin daga ubansa, uban daga nasa uban. Da ciwon ajali ya kama shi, bai yi wasiyyar gona ko ta shanu ba. Ɗan goran irin ya sa aka ɗauko, ya danƙa wa ɗansa Ɗangiwa.

"Wanga iri ba ya son ajiya," in ji shi. "In ka bari shekara guda taw wuce ba ka sabunta shi ba, ya mutu ke nan, kuma babu kasuwar da za ka samo shi."

Ɗangiwa ya yi kuka, ya yi alkawari, kuma har ga Allah da gaske yake. Ba malalaci ba ne. Matsalarsa guda ce: ya ɗauka duk abin da ke motsi a garkarsa, in ba shi ba ne, ɓarawo ne.

Wanda ya ƙara hura masa kai shi ne Nasiruddeen, mai shagon maganin ƙwari a kasuwar Tambuwal. Farar riga yake sawa, mutane na ce masa Dakta, alhali ko allurar kaza bai taɓa yi ba. Shi ya sayar wa Ɗangiwa shuɗin tankin feshi. Tun ranar da ya goya tankin nan, ko tafiyarsa ta canza. Ya feshe garka, ya feshe hanyar garka, ya dawo gida ya feshe tsakar gida saboda ƙudaje, washegari kajin matarsa Lauratu bakwai suka wayi gari ƙafa a sama. Lauratu ba ta da yawan magana, amma ranar ta tsaya a bakin zaure ta rantse cewa in tankin ya sake shigowa gidan, ita za ta fita. Daga nan tanki ya koma kwana a zaure, kamar baƙo.

A gefen garkar akwai wani tsohon marke, a samansa kuma amya takwas na ƙudan zuma. Na Bube ne, abokin marigayi Malami, wanda tun Ɗangiwa bai yi wayo ba yake rataye amyarsa a nan. Wata rana Ɗangiwa ya tsaya yana kallon ƙudan zuman suna shige da fice a furen albasarsa, sai wani tunani ya faɗo masa, irin tunanin da gara mutum ya yi barci da ya yi shi. Shi ke ban ruwa, shi ke ɗibar rana, furen nasa ne, amma zumar Bube ke sha. Nan take ya je ya same shi.

"Baba Bube, dabbobinka suna yi min ɓarna."

"Waɗanne dabbobi, ɗan Malami? Ko akuya ban da."

"Waɗanga na bisa marke. Kullum suna cikin garkata suna kiwo. Da shanu na, da tuni an kai ka gaban hakimi."

Bube ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ɗauka wasa ne. Da ya ga fuskar Ɗangiwa ba alamar wasa, sai ya ce, "Ubanka da kainai yac ce in aje su nan."

"Baba mutumin da na, kunya garai. Yanzu zamani ya sake."

Kwana uku bayan haka Ɗangiwa ya kira masu gawayi, suka zo da gatari suka sare marken. Bube ya kwashe amyarsa ya koma wajen 'yarsa a Kebbe, bai ko yi wa kowa sallama ba. Ɗangiwa ya ji ɗan ɗaci a ransa na yini guda, sannan ya tuna cewa ya kori ɓarayi, ya ji sanyi.

A shekarar nan ce Dakta ya shawo kansa ya shuka irin albasa na kanti, wanda ake sayarwa a gwangwani, don kasuwa, wai shi ne noman zamani. Albasar gado kuwa, duk abin da ya rage a ajiye ya kwashe ya dasa a fegi ɗaya don ta yi fure ta ba da iri, kamar yadda ake yi kowace shekara. Ya zaɓe manya masu kyau. Ƙananan da waɗanda suka fara laushi ya watsar a juji bayan ɗaki, kusa da turken awaki. Lauratu ta tsince su ta soka a gefen makwararar ruwan wanke-wanke, don ta riƙa samun lawashin miya. Da ya gani sai ya yi tsaki, ya ce wurin da ƙuda ya mai da gidansa ba wurin albasar Malami ba ne.

Fegin iri ya yi kyau, wannan kam ba ƙarya. Furen ya fito fari fat, kowane kai kamar tuntun hula. Ɗangiwa ya tashi tsaye a kansa. Duk bayan kwana uku sai feshi, da hantsi, lokacin da ƙwari suka fi fitowa, don kada ko ɗaya ya tsira. In magani ɗaya ya yi masa sanyi sai ya haɗa biyu, in ya ji nishaɗi ya haɗa uku. Malam-buɗe-littafi ya ɓace, fara ta ɓace, kwaɗin bakin rijiya suka yi shiru, tsuntsayen da ke zuwa cin fara suka ga babu abin yi suka canza unguwa.

Rannan Lauratu ta kawo masa abinci, ta tsaya tana waige-waige.

"Malam, garkag ga ta yi tsit kamar gidan makoki."

"Tsafta ta," in ji shi, yana murmushi. "Ke ba ki san noman zamani ba."

Labarin tsaftar ya kai Tambuwal. Wata ƙungiyar manoman zamani, wadda Dakta ne ma'ajinta kuma a shagonsa take taro, ta zo da babura goma sha biyu da lasifika. Shugabanta ya yi jawabi a kan makomar al'umma da ciyar da jikoki, har ya share ƙwalla. Ya sa aka buɗe kwanon fura aka ajiye a tsakiyar fegi, jama'a suka yi cirko-cirko suna jira. Minti goma, ko ƙuda ɗaya bai sauka ba. Aka yi kabbara, aka yi tafi, aka miƙa wa Ɗangiwa takarda mai zanen zinariya: Garka Mafi Tsafta. Ya riƙe ta a ƙirji aka ɗauke shi hoto, ga furen albasar ubansa a bayansa, fari, shiru, babu mai ziyartarsa.

Da kawunan suka bushe ya yanke su, ya shanya a tabarma, ya zauna da bisimilla ya murza na farko a tafin hannu, ya hura. Ƙaiƙayi ya tashi, hannun ya rage fayau. Ya murza na biyu, na goma, na ɗari. Baƙin irin da ya saba gani yana zubowa kamar garin gawayi, babu shi. 'Yan ƙwayoyin da suka fito a motse suke, in ka danna da farce sai su fashe, ciki ba komai. Gumi ya karyo masa. Ya ruga ya ɗauko goran ubansa, ya zazzage ragowar irin bara waccan a jiƙaƙƙen tsumma, ya jira kwana bakwai. Ko ɗaya bai tsira ba. A nan ne tsoro na gaske ya shige shi.

Lauratu ta ce, "Malam, da ka saurare ni, akwai..."

"Don Allah ki bar ni! Wagga magana ba ta miya ba ta."

Ya fice ya hau babur sai shagon Dakta. Dakta ya duba ƙaiƙayin da gilashinsa, ya girgiza kai, ya yanke hukunci cewa feshin ne bai isa ba. Sannan ya nuna masa gwangwanayen iri jere a kanta, ya ce ai abin ma ya zo da sauƙi, yanzu ba sai mutum ya wahalar da kansa da iri ba, duk shekara sai ya zo ya saya. Ɗangiwa ya bi gidajen da ya san ubansa ya taɓa ba su iri, gida-gida. Rabi sun koma gwangwani. Sauran kuwa sun ga hotonsa da takarda, sun sayi tanki, su ma ƙaiƙayi suka girba. Wani ma har godiya ya yi masa a kan shawarar, don bai gane ba tukuna.

Mutum ɗaya ya rage wanda ya san Malami ciki da waje. Ɗangiwa ya haɗiye girman kansa ya kama hanyar Kebbe. Hanyar ta jijjiga masa hanji, kuma ko'ina ya duba buhunan gawayi ne a jingine suna jiran mota, a wuraren da ya san da inuwa. Ya sami Bube a ƙofar gida yana ɗinkin wata tsohuwar amya. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, don Ɗangiwa ya rasa ta inda zai fara. Daga ƙarshe ya kwance ƙullin ƙaiƙayin ya ajiye a gabansa.

"Baba, ko tsoho ya taɓa ba ka iri ka aje?"

"Ni da ban taɓa dasa albasa ba? Mi zan yi da iri?" Bube ya motsa ƙaiƙayin da yatsa. "Furen ya yi kyau?"

"Ba a taɓa ganin irinai ba. Har takarda anka ba ni."

"To wa yab bi shi?"

"Kamar ƙaƙa wa yab bi shi?"

"Ɗan Malami, fure bai ɗaukar ciki shi kaɗai. Sai wani ya taka wanga ya taka wancan, ya kwashi gari nan ya kai can. Kai kana ganin ubanka don kunya yab bar amyata bisa markenai? Leburori na, dubu bisa dubu, ba su neman abinci, ba su neman sallama. Kai kuma kak kai su ƙara."

Ɗangiwa ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Kunya ta rufe shi, ga baƙin ciki a ƙarƙashinta. Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, ko Bube zai ara masa amya ɗaya.

"Ka kai su su bi mi? Furen ya wuce. Kuma duba." Ya nuna wata kanya can nesa, amya uku na reto. "Da takwas gare ni. Nan ma an samu masu takarda irinka."

Bai zage shi ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Har ruwa ya sa aka kawo masa.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya shigo gida. Ya wuce tankin a zaure bai ko dube shi ba, ya zube a tabarma. Lauratu ta ajiye masa fura. Ya ce mata, ba tare da ya ɗaga kai ba, "Na kashe irin Baba. Kakanni uku sunka riƙe shi, ga hannuna yam mutu."

Ta shiga ɗaki ta fito da faifai, ta ajiye a gabansa. A tsakiyar faifan ga ɗan tarin iri, bai fi cikin tafin hannu ba, baƙi wuluk, mai ƙyalli. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya danna da farce. Ta ƙi fashewa.

"Ina kis samo wanga?"

"Bayan ɗaki. 'Yan ruɓaɓɓun da kaz zubar. Biyar sunka yi fure, nij ji tausai ban tsinke ba. Ƙudajen turke sunka yi ta bin su, kullum kana wucewa kana toshe hanci. Shi nika son gaya maka, kac ce maganar miya ta."

Ɗangiwa ya tallabi faifan da hannu biyu, yana tsoron ko numfashinsa ya watsar da shi. Hawaye suka zubo masa, bai ɓoye ba. Duk gadon Malami, duk abin da zai bar wa nasa 'ya'yan, ga shi nan, abin da ƙudan juji suka ga dama suka rage masa.

Yana cikin haka wani ƙaton ƙuda, kore shar, ya taso daga wajen turke ya sauka a bakin kwanon furarsa, ya hau goge hannuwa. Hannun Ɗangiwa ya ɗaga da kansa, don ya saba. Sai ya tsaya a sama.

"Bar shi shi sha, Malam," in ji Lauratu. "Shi kaɗai yay yi maka aiki bana."

Ɗangiwa ya sauke hannun a hankali, ya jira har baƙon ya ƙoshi.